Wayar Da Ka Saya, Mabuɗinta Yana Hannun Wa?

Kwanan baya muna rangadin makarantu, sai muka sauka wata makaranta ran da aka biya albashi. Muka tarar da wani malami zaune gindin darbejiya, ya ƙura wa wayarsa ido, ransa a ɓace. Muka tambaye shi ko lafiya. Ya ce albashi dai ya shigo, ga saƙon banki ya gani da idonsa, amma manhajar bankin ta ƙi buɗewa, tana cewa wai wayar ba amintacciya ba ce. Da muka bi sawun maganar, ashe mako biyu kafin nan ya kai wayar kasuwa don ta cika ta yi nauyi, wani yaro mai gyara ya ce zai buɗe masa ita, ya share tarkacen da kamfani ya cusa ciki. Ya buɗe ɗin kuwa. Wayar ta yi sauƙi, hotunan 'ya'yansa na shekara uku suka tafi, banki kuma ya rufe masa ƙofa. Da ya gama ba mu labari sai ya ce, "Ranka ya daɗe, da kuɗina fa na saye ta. Ina ruwan wani da abin da na yi da ita?"

Tambayar nan ba ta wasa ba ce, kuma ta shafi kowane malami da kowane akawu. Tun farkon 2023, sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 tsabar kuɗi ta yi wuya, mutane da yawa suka mai da waya ta zama lalitarsu. Wanda aka rufe wa waya yau, kamar wanda aka rufe wa rumbu ne. Don haka muka ga ya kamata mu bayyana abin da yaron nan ya yi, da dalilin da ya sa banki ya gane.

ASALIN SAIWA

Maganar ta girmi wayar hannu nesa. Cikin 1969, a wani gidan bincike na Amurka da a ke kira Bell Labs, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma gina wata babbar manhaja mai sarrafa kwamfuta, aka sa mata suna Unix. A zamanin nan kwamfuta ɗaya mutane da yawa ke tarayya a kanta, saboda haka aka ba kowa lambarsa da iyakarsa, kada wani ya leƙa takardun wani. Amma aka ware lamba ɗaya, watau sifiri, aka ce mai ita ba shi da iyaka: ya karanta kome, ya goge kome, ya sake kome. Shi ne Turawa ke ce wa rut, watau saiwa, domin an jera takardun cikin na'urar kamar rassan itace, shi kuwa yana zaune can gindi inda rassan duka suka fito. Cikin 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya rubuta Linux bisa wannan tsari. Bisa Linux kuma aka gina Android, wadda kamfanin Google ya saya cikin 2005.

Android ta ɗauki dabarar nan ta juya ta. Maimakon mutane, sai ta ba kowace manhaja lambarta da ɗakinta. Ku kwatanta da ofis mai ɗakuna da yawa, kowane akawu da mabuɗin ɗakinsa. Manhajar banki ba ta shiga ɗakin manhajar hira, ta wasa kuma ba ta shiga na banki. Akwai babban mabuɗi mai buɗe ɗakunan duka, amma ba a ba mai wayar shi ran da ya saya. Abin da a ke kira yi wa waya rutin, shi ne mutum ya mai da babban mabuɗin nan hannunsa.

Wayar Android ta farko ta fito cikin Oktoba 2008, ƙirar kamfanin HTC na Taiwan, an san ta da suna G1. Abin dariya, ita kam ba a sha wuyar samun mabuɗinta ba. Maƙeran sun manta wata ƙofar gwaji a buɗe, har ya zamana duk abin da mutum ya buga a kan allon rubutu, na'urar tana karɓarsa a ɓoye kamar umurni daga mai lamba sifiri. In ka rubuta kalmar Turanci mai nufin a sake tayar da na'ura, ko da cikin saƙo ne ga abokinka, ka latsa maɓallin shigarwa, sai wayar ta mutu ta sake tashi. Cikin Nuwamba aka toshe wannan, amma kafin nan masu sha'awa sun riga sun shiga, sun ɗanɗana, ba su kuwa yarda sun fita ba har yau.

Me su ke nema ciki? Waɗansu so su ke su cire manhajojin da kamfani ya liƙa waɗanda ba su goguwa. Waɗansu tallace-tallace ne suka ishe su. Waɗansu kuwa, su ne mu ka fi jin hujjarsu, so su ke su tsawaita ran tsohuwar waya wadda maƙerinta ya daina aiko mata da gyara. Tun 2009 wani mai suna Steve Kondik ya soma rarraba tasa Android ɗin, CyanogenMod. Da ta rushe ƙarshen 2016, 'yan sa kai suka ci gaba da aikin da sunan LineageOS, suna sa sabuwar Android a wayoyin da kamfanoninsu suka yar.

TA KATANGA KO TA ƘOFA

Hanya biyu ce a ke bi. Ta farko ita ce haurawa ta katanga, watau a nemi wani kuskure cikin ginin manhajar a kutsa ta nan. Cikin 2014 George Hotz, wanda tun yana ɗan shekara 17 ya yi suna wajen kwance iPhone ta farko, ya fito da Towelroot, latsawa ɗaya ta gama aiki. A shekarun nan kuma aka yi yayin KingRoot da ire-irenta a shagunan gyara. Cikin 2016 aka gano wani rami cikin Linux, aka laƙaba masa Dirty COW, ashe shekara 9 ya yi yana nan ba wanda ya toshe. Wani ramin kuma aka samu a ƙwaƙwalwar wayoyi ƙirar MediaTek, irin wadda ke cikin wayoyi masu araha da yawa da ke hannun mutanenmu, sai cikin Maris 2020 Google ya sa maganinsa cikin jerin gyare-gyaren da ya ke fitarwa kowane wata. Kafin nan an riga an kama waɗansu miyagun manhajoji suna shiga ta wurin. Illar hanyar ke nan: ramin da mai gida ya bi ya shiga ɗakinsa, shi ɓarawo zai bi gobe. Yanzu an toshe mafi yawan irin ramukan nan, kuma duk manhajar da ta yi maka alkawarin rutin da latsawa ɗaya a kan sabuwar waya, mu dai shawararmu ka guje ta.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙofa, nan kuwa sai an gamu da Sarkin Ƙofa. Sunan da mu ka ga ya dace da shi ke nan, masu sana'a kuwa butloda su ke ce masa. Shi wata 'yar manhaja ce da ke farkawa tun Android ba ta tashi ba, aikinta ta duba wanda zai shiga.

Akawunan baitulmali za su fi kowa saurin gane yadda abin ya ke. Takardar biyan kuɗi ba ta isa gaban ma'aji sai ta bi hannu hannu, kowa ya duba sa hannun na gabansa kafin ya sa nasa. Haka waya ta ke in an kunna ta. Cikin ƙwaƙwalwarta akwai wani ɗan rubutu da aka gasa tun daga masana'anta, ba ya goguwa ba ya sakuwa. Shi ne ke farkawa da fari, ya duba hatimin da ke kan butloda. In hatimin na kamfani ne, ya ba shi wuri. Butloda kuma ya duba hatimin da ke kan zuciyar Android, ita kuma ta riƙa duba sauran sassan yayin da a ke karanta su. Hatimin nan ba na tawada ba ne, na lissafi ne. Kamfani yana da lamba ta asiri wadda ya ke bugawa da ita, wayar kuma tana da abokiyar lambar wadda ke iya tabbatar da hatimi amma ba ta iya buga shi. In aka sauya ko da harafi ɗaya cikin manhajar, lissafi ba zai fita daidai ba, sai wayar ta tsaya. An soma shigo da wannan bincike cikin Android 4.4 a 2013, aka tsananta shi cikin Android 7.0 a 2016, sa'an nan cikin Android 8.0 a 2017 aka ƙara shingen da ke hana a mai da waya kan tsohuwar manhaja mai ramuka.

Buɗe butloda shi ne a ce wa Sarkin Ƙofa ya daina tsare mai shiga saboda hatimi. Inda kamfani ya yarda, hanyar ba ɓoyayya ba ce. A kan shiga saitin waya a taɓa lambar ƙirar manhaja sau 7, sai wani ɓoyayyen shafi ya bayyana, a kunna maɓallin izinin buɗewa a ciki, sa'an nan a haɗa wayar da kwamfuta a ba ta umurni ta wata manhaja mai suna fastboot. Wayar za ta yi gargaɗi, in an amsa sai ta share duk abin da ke cikinta ƙaf. Nan ne hotunan malaminmu suka salwanta. Sharewar nan kuwa da gangan a ke yinta, ba mugunta ba ce: in da babu ita, duk wanda ya tsinci wayarka ko ya fizge ta sai ya buɗe ya karance asirinka. Daga ran nan kuma, kullum aka kunna wayar sai ta nuna gargaɗi na kamar daƙiƙa 10 cewa ƙofarta a buɗe ta ke.

Ba kowane kamfani ne ke yarda ba, kuma yardar sai raguwa ta ke yi. Google ya bar ƙofar tun daga Nexus One ta 2010, haka kuma wayoyinsa na Pixel, ban da waɗanda aka saya ta hannun waɗansu kamfanonin sadarwa na Amurka, abin lura ga masu sayen tokumbo. HTC ya sassauta cikin 2011 bayan masu saye sun yi ta kuka. Huawei ya kan ba da lambar buɗewa ga wanda ya nema, amma ya daina cikin 2018. Xiaomi ya daɗe yana sa mutum jiran sa'a 168, watau kwana 7, daga farkon 2025 kuma ya ce waya ɗaya tak ga kowane mai rajista a shekara. Samsung shi ne ya fi ba mu mamaki. Tun 2013 ya sa wani tsaro mai suna Knox, wanda ke da ɗan fiyus cikin ƙwaƙwalwar waya. Ran da aka ɗora wa wayar manhajar da ba ta da hatimin kamfani, sai fiyus ɗin ya ƙone, alamarsa ta tashi daga sifiri zuwa ɗaya, ba ta kuwa komawa har abada, ko an mai da kome yadda ya ke. Daga nan ma'ajiyar asiri ta wayar da manhajar biyan kuɗi ta kamfanin sun tafi ke nan. Cikin 2025, da fitowar One UI 8, sai ya cire maɓallin izinin buɗewar gaba ɗaya.

MASU BINCIKE

Saura yadda banki ya gane. Google ya kafa wani mai bincike cikin wayoyin da ke ɗauke da manhajojinsa, da fari sunansa SafetyNet. Kowace manhaja tana iya tambayarsa, shin wayar nan tana yadda maƙeri ya sake ta? Cikin 2016 masu wasan Pokémon GO suka hana wayoyin da aka yi wa rutin, cikin 2017 Netflix ya ɓoye musu manhajarsa a Play Store, bankuna kuwa ba a magana.

Sai aka shiga wasan ɓuya. Cikin 2016 wani ɗalibi ɗan Taiwan, John Wu, ya fito da Magisk. Hikimarsa ita ce bai taɓa babban ɗakin manhajar ba, sai ya gyara ɗan sashen da ke tayar da ita, ya riƙa shimfiɗa canje-canjensa a bisa kamar tabarma. In mai bincike ya zo, sai a naɗe tabarmar, ya duba ya ga ƙasa a share. Shekaru aka yi ana haka, Google ya toshe nan, su ɓullo can. Cikin Mayu 2021 sai ga labari wai Google ya ɗauki John Wu aiki a sashen tsaron Android. Farkon 2022 ya cire dabarar ɓuyar daga Magisk, ko da ya ke waɗansu sun ɗauki aikin sun ci gaba.

Abin da ya karya lagon masu ɓuya ba wannan ba ne. Cikin ƙwaƙwalwar wayoyin zamani akwai wani keɓaɓɓen lungu wanda ko mai lamba sifiri ba ya shiga. Can a ke ajiye wata lambar asiri wadda aka sa tun daga masana'anta. In aka tambayi lungun nan, sai ya rubuta shaida cewa ƙofa a kulle ta ke ko a buɗe, ya buga hatiminsa, a aika wa Google ya tabbatar. Tabarma ba ta rufe wannan. Tun 2020 aka soma dogara da irin shaidar nan. Aka kuma kawo sabon mai bincike, Play Integrity, wanda ya gaji SafetyNet, aka sallami tsohon cikin Janairu 2025. Sabon yana ba da daraja hawa uku, ta ƙasa da ta tsakiya da ta sama. Daga Mayu 2025, a wayoyi masu Android 13 zuwa sama, ba a samun ta tsakiya sai da shaidar lungun nan, ta sama kuwa sai wayar ta sami gyaran tsaro cikin shekara guda da ta wuce. Har yanzu akwai masu fataucin lambobin asiri da aka sato daga waɗansu wayoyi, amma da Google ya gane sai ya soke su, wanda ya biya kuɗi ya wayi gari banki ya sake rufe masa ƙofa. Cikin 2024 ma Google ya amsa cewa yana hana irin wayoyin nan aika saƙonnin RCS.

To, wa ke da gaskiya? Ba za mu ɓoye ba, hujjar kamfanoni tana da ƙarfi. Tun Android 5.1 ta 2015, wayar da aka sace aka share ba ta buɗuwa sai da asusun mai ita na farko, kuma kullen butloda ne ke riƙe da wannan shinge. Masu ba da waya bashi a riƙa biya kaɗan kaɗan, da kulle su ke tsare dukiyarsu, in babu shi ba za su ba talaka ba. Banki kuma yana da dalilin tsoro, gama a wayar da ke da babban mabuɗi a sake, muguwar manhaja ɗaya in ta same shi ta shiga ɗakin kowa.

Amma akwai abin da ba ya shiga mana kai. Tsohuwar waya wadda ta shekara biyar ba ta ga gyara ba, ramuka ko'ina, in dai ƙofarta a kulle ta ke sai mai bincike ya ba ta darajar tsakiya. Ita wannan wayar kuwa, in mai ita ya buɗe ta ya sa mata LineageOS mai gyaran watan jiya, sai a ce ba amintacciya ba ce. Ashe abin da a ke aunawa shi ne biyayya ga maƙeri, ba lafiyar waya kaɗai ba. Kuma hatimin kamfani ba kullum ne shaidar tsarki ba. Cikin 2020 wani kamfanin tsaro mai suna Upstream ya ba da rahoton samun muguwar manhajar nan Triada cikin wayoyin Tecno W2 guda 53,000, a ƙasashe irin su Habasha da Masar da Gana da Kamaru da Afirka ta Kudu, tun daga cikin kwali. Tana sa mutane rajistar abubuwan da ba su nema ba, tana cinye musu kati da data. Kamfanin Transsion mai Tecno ya ce daga wani mai kawo masa kaya ta shigo, ya kuma fitar da gyara. Mai irin wayar nan ko ya share ta sau goma abin yana nan, domin yana zaune a ɗakin da ba a ba shi mabuɗinsa ba.

Dokokin ƙasashe sun ɗan taɓa maganar. A Amurka, cikin Yuli 2010, aka yanke cewa wanda ya kwance wayarsa don ya sa manhajar da ya samu ta halal bai karya dokar haƙƙin mallaka ba, amma ba a tilasta wa kamfani ya ba shi mabuɗi ba. Tarayyar Turai ta biyo ta wata hanya: daga 20 ga Yuni 2025, wayar da za a sayar can sai maƙerinta ya ci gaba da ba ta sabuwar manhaja aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da irinta, kayan gyara kuma shekara 7. Google da Samsung sun yi alkawarin shekara 7 ga manyan wayoyinsu tun daga Pixel 8 ta 2023 da Galaxy S24 ta 2024. Sai dai waɗannan ba su ne wayoyin da albashin ƙaramin malami ke saye ba.

Ga wanda wayarsa ita ce lalitarsa, mu a ganinmu kada ya buɗe ta. Mafi yawan tarkacen da ke damun mutane ana iya dakatar da su daga cikin saiti ba tare da rutin ba, wanda ya san aiki kuma yana iya kawar da waɗansu ta kwamfuta ƙofa tana kulle. Mai sha'awar koyo, musamman malaman da ke koyar da kwamfuta, ya nemi wata tsohuwar waya ya yi gwajinsa a kanta, zai kuwa koyi abin da littafi ba zai ba shi ba. In za ka ba da waya gyara, ko a Farm Centre ta Kano ko a ina ne, kwashe hotunanka da lambobinka tukuna, ka kuma tambayi mai gyara ƙarara ko aikin zai taɓa butloda. In kuwa tsohuwar waya za ka saya daga hannun wani, kashe ta ka kunna a gabansa ka ga ko gargaɗi zai fito, sa'an nan ka shiga saitin Play Store ka duba ko ya ce na'urar tabbatacciya ce.

Wanda aka riga aka buɗe wa kuma, kada ya yi gaggawar kullewa. Sai an fara mai da ainihin manhajar kamfani daidai da ƙirar wayar, sa'an nan a kulle. In aka kulle bisa baƙuwar manhaja, Sarkin Ƙofa zai ga hatimin da bai sani ba ya hana shiga, mai waya kuma ba shi da sauran ikon sallamarsa, sai ta zama abin da Turawa ke kira tubali. Kullewar ma tana sake share kome.

Malamin da mu ka faɗa, ran nan da gajeriyar lambar banki ta tauraro da shinge ya aika wa iyalinsa kuɗin cefane, domin ita ba ta tambayar halin waya. Bayan kwana huɗu aka sami ainihin manhajar wayarsa aka mayar, aka kulle, manhajar banki ta buɗe. Hotunan kuwa, guda goma sha ɗaya ya samu, waɗanda ya taɓa aika wa ƙanwarsa.